Darasi na Bakwai: Shayar da Manyan Itatuwa a Bazarar Akokan

Yawancin mazauna Akokan da Arlit daga wani wuri suka zo, ko iyayensu suka zo: Maradi, Damagaram, Tawa, Dosso, ko ƙauyukan dutsen Abzin. Kowa ya taho da abin da ya sani game da itace, kuma a ciki akwai maganar da kusan kowa ya yarda da ita, wai dashe ne ke son ruwa, babban itace kuwa shi ke nemar wa kansa. A ƙasar Maradi wannan magana tana da gaskiya, domin ruwan sama na shekara yakan kai milimita 500 ko kusa da haka, ƙasa ta sha ta ajiye, itace ya yi ta ja har damina ta zagayo. A nan kuwa ruwan shekara bai kai milimita 100 ba, shekaru da yawa ko 50 ba a samu. Wanda ya riƙe dokar kudu a nan, zai wayi gari dogon yaron da ya shekara talatin a tsakar gidansa ya zama itacen girki.

Bari mu auna abin da lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Itacen da faɗin inuwarsa ya kai mita 6 yana rufe fili kimanin murabba'in mita 28. In an yi ruwa milimita 50 a shekara, abin da ya sauka a ƙarƙashinsa lita 1,400 ne, wato tano bakwai na lita 200, tun daga wannan damina har wata. A watan Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kullum, iska kuma busasshiya, babban dogon yaro mai cikakken ganye zai iya fitar da wannan ruwa ta ganyensa cikin 'yan makonni. Sauran watannin fa? Daga hannun mutane yake sha, ko sun sani ko ba su sani ba.

Itacen daji da itacen gida

Wani zai ce, ai ga kandili da aduwa da jiga can a bakin ƙorama, ba mai ba su ko kofi ɗaya, kuma suna raye. Gaskiya ne, kuma jiharmu ta Agadas tana da misalin da duniya ta sani. Itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada a kan hanyar ayarin gishiri, an haƙa rijiya kusa da shi a tsakanin 1938 da 1939, aka tarar saiwarsa ta kai ga ruwa a zurfin fiye da mita 30. Fari bai kashe shi ba. Mota ce ta buge shi a 1973, aka ɗauke gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Irin waɗannan itatuwa daga iri suka tsiro a inda suke, suka aika saiwa ƙasa tun kafin su yi tsawon kamu biyu, ganyensu ƙanana ne, in abu ya yi tsanani su zubar da shi su jira.

Itacen gida ba haka ya tashi ba. Dogon yaro, wanda wasu ke kira dalbejiya, asalinsa daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta ne, kuma ko da yake yana da juriya, yana son wurin da ake ruwa aƙalla milimita 400 a shekara. Shi da turare, da lemo, da mangwaro, da zogale, a leda aka raine su, aka dasa su a garin da aka gina saboda yuraniyom. An kafa kamfanin COMINAK a 1974, ya fara fitar da ma'adini a 1978, kuma tare da gidajen ma'aikata aka ja famfo. Itatuwan suka girma da ruwan tiyo, da yoyon bututu, da ruwan wanka da wanki. Tunda a sama suka saba samun ruwa, a sama suka baza saiwarsu. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka aka tanƙwara waɗannan. Kamar ragon turke ne: duk girmansa, in ka kwance shi ka kora shi daji ka ce ya ci da kansa, ka kashe shi.

Shi ya sa abin da ya faru ranar 31 ga Maris 2021, da aka rufe mahaƙar COMINAK, ya shafi itatuwa kamar yadda ya shafi mutane. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke aiki a ƙarƙashin 'yan kwangila. Duk gidan da aka kulle, an kulle shi da itacen da ke ciki. Duk inda aka daina wanka da alwala, ko aka toshe wani tsohon yoyo, akwai saiwar da ta rasa mashayarta. Babban itace kuma ba ya mutuwa nan take. Yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana cin ajiyarsa, yana bushewa daga sama, sai ranar da ya faɗi mutane su ce gara ce ko tsufa ne, alhali ƙishirwar bara ce.

Abin yana da ciwo, domin dashen da aka yi ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai da ƙasarmu ta mayar ranar dashen itace tun 1975, sai ya shekara goma ko fiye kafin mutum ya shimfiɗa tabarma a inuwarsa. Wanda ke tsaye yau ya riga ya sha ruwan shekaru talatin ko arba'in. A ganina, in ruwa ya yi ƙaranci har dole a zaɓa tsakanin sabon dashe goma da tsohon itace ɗaya mai lafiya, tsohon za a ceta.

Inda bakin itace yake

Ku dubi yadda ake yi a yawancin gidaje. Uwargida ta gama wanke-wanke, ta ɗauki roba ta watsa ruwan a jikin gindi. Yaro ya zo da buta ya ƙara. Gindin kullum a jiƙe, ya yi baƙi, ƙasar wurin ta daskare ta yi santsi, ga farin gishiri ya zagaye ta. Taku biyu daga nan kuwa ƙasa ƙura ce. Masu gidan suna ganin suna kula da itacen, amma ruwan bai je inda ake buƙatarsa ba.

Manyan saiwoyin da ke kusa da gindi aikinsu riƙe itace ne kada iska ta kayar da shi. Masu shan ruwa su ne ƙananan nan sirara, kuma yawancinsu suna cikin kamu ɗaya na saman ƙasa, wato santimita 30 zuwa 60, sun bazu daga tsakiyar inuwa zuwa bakinta, har su wuce ta nesa. In kana son sanin wurin, fito da tsakar rana lokacin da inuwa ta tattaru a ƙarƙashin itacen, ka ja layi da sanda a bakin inuwar har ka zagaye. Wannan layi, da taku ɗaya cikinsa da taku ɗaya wajensa, nan ne wurin ban ruwa. Jiƙa gindi kullum yana ruɓar da ɓawo, yana kuma kiran gara.

Sai a yi gurbi. Kada a haƙa rami mai zurfi, domin hauya za ta datse saiwoyin da ake son shayarwa. A sassauta fuskar ƙasa da zurfin yatsa biyu ko uku kawai, a tara ƙasa a yi kunya biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, tsayin taƙi guda, yadda ruwa zai kwanta a tsakaninsu. Sannan a raba zoben gida huɗu da 'yan ƙananan kunyoyi. Amfanin rabawar zai bayyana a gaba. In katanga ko siminti ya tare wani ɓangare, a yi a inda ƙasa take a buɗe. Sau da yawa rabin saiwar itacenka tana gidan maƙwabci ko bakin titi, kuma ba laifi ba ne ka yi sallama ka nemi izinin zuba ruwa ta can, tunda shi ma inuwar tana kai masa.

Nawa, kuma yaushe

Yayyafi na kullum shi ne babban kuskure. Ruwan da ya jiƙa yatsa biyu na sama, rana za ta kwashe shi kafin azahar, kuma yana koya wa saiwa ta ƙara hawowa sama inda ƙasa ke ƙuna. Abin da ake so shi ne a ba da ruwa mai yawa a hankali har ya nutse kamu ɗaya, sannan a bar wurin ya sha iska kwanaki kafin a sake.

A ƙasa mai yashi, jiƙa murabba'in mita ɗaya zuwa zurfin santimita 50 yakan ci kimanin lita 40. Itacen da muka yi misali da shi, mai inuwar mita 6, zobensa zai kai murabba'in mita 15. Lita 40 sau 15, lita 600 ke nan, tano uku. A tsakiyar bazara, daga Afrilu zuwa Yuni, a ba shi wannan duk kwana goma. Wannan ruwan tsira da rai ne, ba na ƙawa ba; itacen ba zai yi lif-lif ba, amma zai kai damina da ƙarfinsa. A lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, sau ɗaya a mako uku ko wata ya isa. Inda ƙasa ke da laka, ruwa ya fi daɗewa, sai a ƙara tazara. Lemo da mangwaro sun fi dogon yaro saurin jin ƙishi, musamman in suna fure ko 'ya'ya. Dabino yana jure zafi da gishiri, amma mashayi ne na gaske, shi ya sa yake albarka a Ingal da Timiya inda ruwa ke kusa. Aduwa da magarya da bagaruwa da suka kafu, ban ruwa mai zurfi sau ɗaya a wata a bazara ya wadatar da su.

Na san tano uku ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen ruwa bido-bido a hannun 'yan garuwa. To amma a raba lita 600 gida goma: lita 60 ne a rana, bido biyu da 'yan kai na lita 25. Gidan da ke da mutum goma masu salla, in kowa ya yi alwala da lita ɗaya sau biyar, lita 50 ke nan a yini, kuma ruwa ne mai tsabta da ke tafiya a banza. A ƙara da ruwan wankin shinkafa da gero, da ɗaurayar kwanuka, da ruwan wankan da ba shi da sabulu da yawa. Nan ne rabon zobe gida huɗu ke aiki. A tara ruwan yini a roba, da yamma a juye shi duka a gida na farko. A yi haka kwana biyu ko uku a wuri ɗaya har ya nutse, sannan a koma gida na biyu. Kafin a zagayo, na farko ya sha iska kwana bakwai ko takwas. Kada a ajiye irin wannan ruwa ya wuce yini guda, yana wari, yana tara sauro.

Lokacin ban ruwa shi ne bayan la'asar sakaliya zuwa dare, ko da asuba. Mai famfo ya sa tiyo a cikin gurbi ya rage shi ya riƙa zuba siriri, ya matsar da shi lokaci-lokaci. In ƙasa ta yi fako har ruwa na gudu a kanta, a zuba kaɗan a jira ya shige, sannan a ƙara.

Kada a yarda da ido, domin fuskar ƙasa tana ruɗi. Washegari da safe a ɗauki rodi mai tsawon mita ɗaya a danna shi cikin gurbin da hannu. Zai shige da sauƙi a inda ƙasa ke da danshi, ya tsaya cak a inda ta bushe. A riƙe shi daidai fuskar ƙasa a zaro, a auna da hannu. In bai kai kamu ɗaya ba, ruwan bai isa ba. In ya shige duka ba tare da wahala ba, an yi ɓarna, a rage a gaba. Wannan gwaji ya fi duk lissafin da ke sama, domin ƙasar gidanka ce ke ba ka amsa da kanta.

Akwai dabarar da ke rage asara ƙwarai. A binne tsohon tulu ko randar ƙasa wadda ba a shafe ta ba har wuya a cikin zoben, a cika ta, a rufe bakinta. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikinta kai tsaye zuwa saiwa. In babu tulu, bido da aka huda wa ƙananan ƙofofi a gindi ya yi. Babban itace yana son uku ko huɗu a kewaye. A haƙa ramin a hankali, in an ci karo da saiwa mai kauri a kauce mata.

Bayan an ba da ruwa a rufe ƙasar. Busasshen ganyen da ake sharewa a ƙone kowace safiya, shi ne ya kamata ya koma cikin gurbin, kaurin yatsa huɗu, tare da tsohon kashin awaki da ragowar ciyawar dabbobi. A danne da 'yan duwatsu saboda iska. A bar tazarar taƙi biyu tsakaninsa da gindi saboda gara.

Gishiri, sabulu, da abin da ya fito daga mahaƙa

Duk ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da gishiri kaɗan. A inda ake ruwan sama, damina ke wanke shi. A nan babu mai wankewa, sai ya taru shekara da shekaru, ya fito fari-fari a bakin gurbi. Alamarsa a jikin itace ita ce bakin ganye ya ƙone ya yi ja alhali ƙasa na da danshi. A kankare farin a zubar nesa, kuma sau biyu ko uku a shekara a ninka ruwan ban ruwa domin ya tura gishirin ƙasa da saiwa. In an yi ɗan yayyafi a Yuli ko Agusta, kada a ce an huta: ƙaramin ruwa yana narkar da gishirin sama ya kai shi daidai bakin saiwa, don haka a bi shi da cikakken ban ruwa. In kuwa aka dace da ruwa mai ƙarfi, a gyara hanya tun da wuri yadda na indararo da na tsakar gida zai gangara cikin gurbi.

Ruwan omo mai kumfa, da ruwan jabel, da wanda ya haɗu da man inji ko gishirin girki, ba na itace ba ne. Omo yana daskarar da ƙasa har ta daina shan ruwa. Ruwan ɗauraya na biyu da na uku ba laifi. Ruwan wanka kuma a ba itacen inuwa. Zogale da duk abin da ake cin ganyensa a ba su ruwa mai tsabta.

Sai abin da ya keɓanta da garuruwanmu. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, sun tarar da ƙarafan da suka fito daga mahaƙa, masu ɗauke da tururin yuraniyom, ana sayar da su a kasuwar Arlit. A ƙarshen 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu wurare a titunan Akokan inda aka yi ciko da duwatsun mahaƙa, ta sami tururin ya ninka na ƙa'ida sau ɗaruruwa, kuma a cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. An kwashe cikon wasu wuraren daga baya, amma tarin dusar ma'adini ta COMINAK, kimanin tan miliyan 20, yana nan kusa da gari. Saboda haka tano, da bututu, da rodi, da duwatsun da za ka sa a gurbin itacen da 'ya'yanka ke wasa a ƙarƙashinsa, ka san asalinsu. Abin da ya fito daga mahaƙa ko masana'anta, ko kyauta aka ba ka, kada ya shigo gida. Itacen da ake cin 'ya'yansa kuma a shayar da shi da ruwan da aka amince a sha.

Ruwan da muke sha a nan tsohon ruwa ne da ya taru a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, irin su shimfiɗar Tarat, tun dubban shekaru lokacin da Sahara ke da damina. Ruwan saman yanzu ba ya mayar da abin da aka ɗiba. Wannan ne dalilin da ya sa darasin nan ya nace a kan ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, da rufe ƙasa, da aunawa.

Gane itace mai ƙishi

Ganye ya yi yaushi da rana ba abin tsoro ba ne, in ya miƙe da dare. Wanda aka tarar a langaɓe da sassafe, shi ne mai kuka. Daga nan sai ganye ya dushe, sabon toho ya fito ƙanana, inuwa ta yi ɓula-ɓula, rassan ƙoli su fara bushewa. Dogon yaro yakan sauya ganye a ƙarshen ɗari ya yi sabo da fure. Wannan al'adarsa ce. Zubar ganye a Mayu ba tare da toho ba kuwa, ƙishi ne. In ana shakkar reshe, a kankare ɓawonsa da farce: kore mai danshi yana da rai, ruwan ƙasa busasshe ya mutu.

Itacen da ya galabaita, kada a yi masa sassabe a bazara, domin rana za ta ƙona rassan da aka tone, kuma sabon toho ruwa yake ci. Kada a zuba masa takin zamani, shi ma gishiri ne. A cire busassun rassan da ka iya faɗo wa mutane kawai, sauran gyara a bari sai sanyi ya shigo, a kuma nemi shawarar ma'aikatan gandun daji kafin a sare babban reshe. A ɗaure awaki nesa da gindi, domin in suka zagaye ɓawo da ci, ba ruwan da zai tashe shi.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya zaɓi babban itace ɗaya, na gidansa ko na masallaci ko na makaranta. Da tsakar rana ya auna faɗin inuwarsa da taku, ya ja layin zoben, ya rubuta adadin a littafinsa.

Ya auna ruwan alwala da ɗauraya da gidansa ke zubarwa a yini ɗaya ta hanyar tara shi a bido. Lita nawa ne? In an tara na kwana goma, ya kai abin da itacen ke buƙata, ko saura nawa?

Bayan ban ruwa na farko ya yi gwajin rodi a wuri uku, kusa da gindi, da bakin inuwa, da taku biyu a wajenta, ya zo da sakamakon aji mu kwatanta ƙasar unguwanni.

A ƙarshe, ku haɗu uku-uku ku zagaya layinku ku ƙirga itatuwan da ke gidajen da ba kowa da kuma bakin hanya. Ku rubuta irin kowanne da halin da yake ciki, ku kai wa mai unguwa, a nemi izinin masu gidajen, a raba wa maƙwabta wanda kowa zai ɗauki nauyinsa kafin watan Afrilu ya kama.